Kanyar Bayan Gidan Baba

Kayanosawa, farkon Satumba

Ƙanena Kiyoharu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da kai da matarka Michiyo, da aikin waldar naka. Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da tsufa ke kawowa. Gwiwar maigidana, yayanka Genzo, ta ƙi daɗi. Idan zai tashi daga tabarma sai ya dafa kafaɗata, yana miƙewa kuma ya ce ni ce na tsufa. Kunnena ya ƙara toshewa. Rannan wayar gida ta yi ta kuka har ta gaji, ina zaune dab da ita ina tsintar wake. Saboda haka kada ka wahalar da kanka da kira, ka rubuto.

Mun sa ido lokacin ziyarar kaburbura, ba mu gan ka ba. Na wanke kabarin Baba da na Inna, na ce musu aiki ne ya riƙe ka, kamar yadda na gaya musu bara.

Gidan yana nan yadda ka bar shi. Ina tsallaka hanya kullum in buɗe tagogi ya sha iska. Lambun ne dai ya soma fin ƙarfinmu. Gansakukar nan da Inna ke tsince wa ganye da hannu ta ƙone a gefen rijiya, saboda zafin bana. Shingen furen tsubaki kuwa Genzo, Baban 'yarmu Sanae, ya aske shi iya inda hannunsa ya kai ya bar saman, sai ka ce kan yaron da ya gudu ana tsakiyar yi masa aski. Ciyawa mai yaɗo ta haye fitilar dutse, na cire ta, ta sake hawa.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kanyar bayan gida ta yi 'ya'ya bana fiye da hankali, kowace kamar dunƙulen hannu, rassa har sun sunkuyo. Amma can kan dutse itatuwa ba su ba da komai ba, mafarauta kuma sun ce beyar, ƙattin namun dajin nan masu farce, za su sauko da yunwa. An riga an ga ɗaya a bayan makarantar da aka rufe, baƙi wuluk da farin nan a ƙirji. Mai unguwa Kagaya ya tara mu, mu 'yan tsofaffin da muka rage, ya ce duk gidan da ba kowa a cikinsa a sare kanyarsa kafin ta nuna.

Da aka tashi ya tsare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Fusano, gidanku na gado shi ne na farko daga bakin daji. In ya sauko, can zai fara yin sallama."

Na ce, "Ni aure ya fitar da ni tun tuni. Gidan na Kiyoharu ne."

Ya ce, "To ki rubuta masa. Ni in na kira shi ba ya ɗauka."

Na san Baba ya dasa ta shekarar da aka haife ka. Ni na riƙe masa dashen yana tura ƙasa, ina 'yar yarinya, saboda haka kada ka zaci ban ji komai ba. Amma ka ba da izini, Kiyo. Ba mu da matasan da za su hau.

Ka gaishe da Michiyo. Ta daɗe ba ta sa hannunta a ƙasan wasiƙarka ba.

Yayarka,
Fusano


Imabari, ƙarshen Satumba

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na sami wasiƙarki. A gaishe da Yaya Genzo, a yi masa sannu da ƙafa. Ni lafiyata ƙalau, muna kan wani jirgin dakon kaya, aiki ba dare ba rana.

Kin tambayi Michiyo. Na ɓoye miki ne don kada hankalinki ya tashi. Tun bazara take ramewa, aka yi ta gwaje-gwaje, yanzu sun ce sankara ce a cikinta. Za a yi mata aiki wata mai zuwa. Shi ya sa ban zo kabari ba. Daga wurin aiki sai asibiti, daga asibiti sai wurin aiki.

Ba ta iya cin komai. Kunun shinkafa cokali biyu ta ture. Jiya ina zaune gefen gadonta ta daɗe tana kallon taga, sai ta ce, "Maigida, bana Yaya za ta aiko mana da busasshiyar kanyar nan kuwa?" Na ce za ta aiko. Ta ce, "Ita kaɗai nake jin zan iya ci. Mai farin garin nan a jiki." Tun da ta kwanta ba ta nemi wani abinci da bakinta ba sai wannan.

Saboda haka, Yaya, ba zan iya cewa a sare ba. Ba bana ba. Na yi mata alkawari in an gama wannan jirgin zan ajiye aiki in kawo ta gida ta warke a can, ta zauna a baranda tana kallon lambu. Na san na sha faɗin haka, amma wannan karon da gaske nake.

Beyar ba itace yake ci ba, 'ya'ya yake ci. In an tsinke 'ya'yan ba abin da zai kawo shi. Gorar nan mai baki biyu ta Baba tana rataye a ɗakin ajiya. Shi kuwa Kagaya, tun muna makaranta kare in ya yi haushi sai ya canza hanya. Kada ya tsorata ku.

Ku yi haƙuri da ni.

Ƙanenki,
Kiyoharu


Kayanosawa, tsakiyar Oktoba

Kiyo,

Gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ku da sauƙi. Haba Kiyo! Mace tana kwance tun bazara ka bar ni ina yi maka surutun shinge da ciyawa? Na karanta wasiƙarka na zauna a bakin murhu na rasa abin yi. Na kunna turare a gaban hoton Inna na gaya mata. Ka ce wa Michiyo kanyarta tana nan tafe, na riga na fere na farko na jera a igiya. A ɗakin sama na rataye su, ba a bakin rufi ba kamar yadda muka saba, za ka ji dalili. Na kuma aiko muku da sabuwar shinkafa, ka dama mata da ruwa-ruwa.

Mu nan jiki da sauƙi, hankali ne ba a kwance ba. Baƙon ya zo. Shekaranjiya da safe na je buɗe tagogi na tarar da sawun farce a jikin kanyar, dogaye, ɓawon ya ɗaye fari fat. Can sama ya kakkarya rassa ya tara su wuri ɗaya kamar gado, ya zauna a kai ya ci ya ƙoshi. Kashinsa kuma ga shi nan gindin fitilar dutse, cike da ƙwallaye. Ya bi ta kan tsiron nanten na bakin ƙofar baya, wanda Inna ta ce yana kore masifa, ya kwantar da shi.

Yanzu kowa da ƙararrawa a ƙugu, don beyar ya ji ya kauce. Ni ma an ɗaura mini, ko da yake ban san ko tana ƙara ba. Baban Sanae ya ce tana yi, har ta ishe shi. An daina fita da sassafe da kuma goshin magariba. Matar Kagaya ta bar zuwa gonarta ta bayan gidanku, kabejinta yana can yana lalacewa.

An sare kanyar sauran gidajen da ba kowa. Taku kaɗai ta rage a tsaye, ja jawur, ana hango ta tun daga gada. Kagaya ya zo ya ɗaura mata jan ƙyalle irin na waɗanda za a sare. Baban Sanae ya ce masa, "Mai ita bai yarda ba tukuna."

Kagaya ya ce, "Mai ita yana bakin teku yana shan iska. In abin ya zo, kansa zai ci ko namu?"

Baban Sanae ya ce, "Matarsa ba lafiya."

Ya ce, "Tawa ma ba za ta yi lafiya ba in ta yi karo da shi a cikin kabeji."

Ba su yi sallama ba. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna shan shayi tare.

Mun tsinke na ƙasa da gorar Baba, ni ina tara, shi yana murɗawa. Amma ka san ta wuce rufin gida tsawo, gorar ko rabi ba ta kaiwa. Jiya Baban Sanae ya ɗauko zartonsa ya zauna yana wasa shi. Ya ce ya gaji da wannan bishiya da surutun mutane, kafin wata ya ƙare zai gama da ita kowa ya huta.

Na hango babur ɗin mai kawo wasiƙa a kan gada, bari in rufe kada ya wuce. Ka sanar da ni ranar aikin.

Yayarka,
Fusano


Imabari, Oktoba

Yaya,

Na gaishe ku. Shinkafa ta iso, na gode. Gobe za a shiga da Michiyo.

Na karanta abin da kika rubuta a tsaye a bakin ƙofar asibiti. Wato na roƙe ku abu ɗaya tak, a irin wannan lokaci, amsar da zan samu ita ce an wasa zarto? Na ce ba bana ba. Da wane harshe zan faɗa?

Bari in faɗa a fili tunda an kai nan. Gidan nan Baba ni ya bar wa, da ƙasarsa da duk abin da ya tsiro a kai. Ke da bakinki kika gaya wa Kagaya aure ya fitar da ke. Shi kuwa Yaya Genzo, da girmansa, suruki ne a gidan, ba ɗa ba. Na roƙe ku ku riƙa duba mini gida, ban ce ku yanke hukunci a kansa ba. In tsinkar 'ya'yan ta fi ƙarfinsa ya faɗa, ba sai ya fake da Kagaya ba. Sarewa ai ta fi sauƙi, kowa ya sani.

Kada wanda ya taɓa mata ko reshe ɗaya. In na zo na tarar da kututture, ban san yadda za mu kalli juna ba.

Kiyoharu


Imabari, ƙarshen Oktoba

Yayata,

Gaisuwa da neman gafara. Ina fata kuna lafiya, da ke da Yaya Genzo.

An yi aikin. Sun cire mata cikin kusan duka, amma ta farka, ta gane ni, har ta ce gemuna ya yi muni. Likita ya ce sai an jira a gani.

Yau ya zaunar da mu yana lissafa abin da za ta ci da wanda ba za ta ci ba. Na ce masa yayata tana busar mata da kanya. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Wannan kam a'a. Wanda aka yi wa irin aikinta, kanya takan dunƙule masa a hanji ta zama kamar dutse. Ba ɗanya ba, ba busasshiya ba. Ba yanzu ba, ba nan gaba ba." Michiyo ta yi murmushi ta ce, "To shi ke nan, na ci rabona."

Da ya fita na gaya mata zancen beyar, da abin da na rubuto muku. Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Da sunana ka yi wa tsofaffi wannan?"

Yaya, na rubuta waccan takarda ban yi barci ba, ban ci abinci ba, amma wannan ba hujja ba ce. Shekara nawa Yaya Genzo yana aske mini shinge yana share mini dusar ƙanƙara daga rufi, ban taɓa ko riƙe masa tsani ba. Ki ba shi haƙuri, kafin in zo in ba shi da bakina.

A sare ta. Ki gaya wa Kagaya na yarda. Kada kowa ya hau.

Ƙanenki,
Kiyoharu


Imabari, tsakiyar Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Michiyo ta soma takawa a baranda.

Shiru ya yi yawa. In fushi ne na cancanta, amma ki rubuto ko layi ɗaya. Kwanaki na ga labari a talabijin ɗin asibiti, an ce beyar ya ji wa wani tsoho rauni a wani ƙauyen jiharmu ta Akita, ba su faɗi suna ba. Na kira gidanku ba a ɗauka ba, na ce ai kunnenki ne. Na kira Sanae, ba ta ɗauka ba. Na kira Kagaya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ka tambayi yayarka," ya ajiye.

Don girman iyayenmu, Yaya, me ya faru?

Kiyoharu


Birnin Akita, ƙarshen Nuwamba

Kiyoharu,

Na gaishe ka. Na ji daɗi da Michiyo ta tashi, ka yi mata sannu. Ina gidan Sanae yanzu, kusa da asibiti. Ni na hana ta ɗaukar wayarka. Ba ni da bakin magana da kai a lokacin.

Baban Sanae yana da rai. Bari in fara da wannan.

Zarton da ya wasa ba na gindi ba ne. Rassan sama ya so ya rage, waɗanda gora ba ta kaiwa, su faɗo da 'ya'yansu mu tsince a ƙasa, sannan ya naɗe gindin da kwanon rufi yadda farce ba zai kama ba. Har ya auno kwanon. Abin da yake nufi da gamawa da ita ke nan. Da na ƙara layi biyu a takardata da ka gane, amma ina saurin mai babur.

Wasiƙarka ta fushi shi ya karɓa. A bakin ƙofa ya karanta, takalmi a ƙafarsa. Ya ninke ta ya miƙo mini, ya ce, "Ashe mu 'yan gadi ne."

Na ce, "Yaro ne, hankalinsa a tashe yake."

Ya ce, "Yaro mai furfura." Ya je ya rataye zarton. Ya ce, "Ya ce kada a taɓa reshe, ba za a taɓa ba. Da hannu zan tsinke masa su, ɗaya bayan ɗaya, kada a ce suruki ya ji ƙyuya."

Na roƙe shi. Na ce ka san reshen kanya ba amana, yakan karye ba gargaɗi. Na ɓoye tsani a bayan itacen girki, ya nemo shi. Kwana da kwanaki yana hawa da wannan gwiwar, kwando a baya, ni ina riƙe da tsani ina kallon daji. Ya kusa gamawa, saura na ƙololuwa ta gefen dutse.

Ran nan aka tashi da hazo. An ce za a yi ruwa da rana, sai ya so ya riga shi. Ya fita ban ko ɗora shinkafa ba, bai kira ni riƙon tsani ba, ya bar ƙararrawarsa a kan takalmina. Ashe beyar tana saman bishiyar. Mace ce, da ɗanta. Ya jingina tsani a ƙarƙashinsu bai gan su ba.

Kiyo, ya yi ihu. Matar Kagaya ta ji shi daga can ƙarshen ƙauye. Ni ina tsallaken hanya, taga a buɗe, ina yanka albasa a miya. Ban ji komai ba. Sai da na ga Kagaya ya wuce ta gaban tagata da gudu, da gatari a hannu, ba hula. Shi ya fara isa. Shi ya danne masa fuska da rigarsa yana ta kiran sunansa har jirgi mai saukar ungulu ya zo.

A fuska ta same shi. Idon dama ya tafi. Na hagu yana bambanta haske da duhu, iyakarsa ke nan. An ɗinke abin da za a iya ɗinkewa, za a sake wani aikin bayan sabuwar shekara. Yana shan abinci da bututu. Magana tana fita amma sai na kai kunnena bakinsa, shi ba ya gani, ni ba na ji, haka muke fama.

Mafarauta sun kafa keji suka kama uwar washegari, suka harbe ta. Ɗan ya yi kwana biyu yana zagaya gindin bishiyar yana kuka, shi ma suka harbe shi. Kanyar kuwa Kagaya da mutum biyu suka sare ta, ba su tambayi kowa ba.

Wasiƙarka ta neman gafara na same ta a akwati lokacin da na koma ɗebo kaya, ta jiƙe. A tsaye na karanta. Na soma lissafin ranar da ka rubuta ta da ranar da abin ya faru, sai na bari. Na hau sama na tarar da kanyar da na rataye duk ta yi funfuna, ba mai juya ta. Na zuba a rami na rufe.

Na karanta masa ita a asibiti, har inda ka ce a ba shi haƙuri. Sannan ya ce, "Aikin yarinyar ya yi kyau?" Na ce ya yi. Ya ce, "To."

Kada ka zo asibiti yanzu. Ba ya so a gan shi, ko jikokinsa bai bari sun shigo ba. Ba za mu koma ƙauye ba, likita ya faɗa, Sanae ta faɗa, ni ma na sani.

Fusano


Kayanosawa, Disamba

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ina fata jikin Yaya Genzo da sauƙi, ke ma ina fata kina samun barci. Michiyo tana gidan ƙanwarta, tana cin tuwon shinkafa mai laushi kaɗan-kaɗan. Ita ta haɗa mini jaka ta ce in tafi.

Kin ce kada in zo asibiti, ban zo ba. Na wuce ta birnin a jirgin ƙasa na hango dogayen gine-gine, ban san wanne ne ba. Daga gidan Baba nake rubuto miki.

Na ga kututturen. Tsanin yana nan kwance inda ya faɗi, da kwandon. Na ɗauke su na kai ɗakin ajiya. Ban iya tsayawa a bayan gidan ba.

Dusar ƙanƙara ta soma sauka, ta kai idon sawu, an ce babbar tana tafe. Ba a ɗaure ko itace ɗaya don kare shi daga nauyinta ba, daga nan har gidanku. Na ce ko wannan in yi. Na sami sanduna da zana da igiyar karan shinkafa a rumfarku, ya shirya komai tun kaka, kowane dami da tsawonsa. Ƙananan na iya, na tattara rassan tsubaki da nanten na ɗaure na jingina musu zana, ko da yake ba kyan gani.

Itacen matsu na bakin ƙofar Baba ne ya gagare ni, mai dogon reshen nan da ya miƙe a kan hanyar shiga. Na tuna ana kafa doguwar sanda a jikin gindi, a saki igiyoyi daga samanta, kowace ta riƙe reshe ɗaya don kada nauyin ƙanƙara ya karya shi. Na gani ina yaro, ban taɓa yi ba. Sau biyu ina kafa sandar tana faɗuwa. Ɗaurin kan sandar ne ban sani ba, da na ja igiya ɗaya sai sauran su zame. Shekara arba'in ina haɗa ƙarfe da ƙarfe, igiya ta kayar da ni.

Ina kan tsani Kagaya ya zo wucewa. Na gaishe shi. Ya tsaya ya kalli sandar, ya kalle ni, ya wuce. Da yamma na tarar da tukunyar miya da zafinta a bakin ƙofa, ba kowa a wurin.

Ba ni da fuskar roƙonsa komai. Amma in kin ga da hali, ki tambaye shi yadda ake ɗaurin. Ba zan tafi ba sai na ji daga gare ki.

Ƙanenki,
Kiyoharu


Birnin Akita, Disamba

Kiyo,

Na gaishe ka, sannu da sanyi. Mu nan yadda ka sani. An cire masa bututu, yana shan miya da cokali. Tarin da nake yi ya ragu. Akwai bargo mai kauri a kabad ɗin ɗakin Inna, ka shanya shi kusa da wuta kafin ka rufa.

Na karanta masa takardarka jiya da rana. Da na zo inda sandar ta faɗi sau biyu sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Na tsorata, ashe dariya yake yi, har ɗinkin ya yi masa zafi. Hannayensa suka soma juyawa a kan bargo kamar yana murɗa igiya. Na ce to faɗa mini in rubuta. Na ɗauki alƙalami na kai kunnena.

Hannayen suka tsaya. Sannan ya ce, "Wa ke riƙe masa tsanin?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "Ki ce masa ya sauko."

Na ce reshen fa? Tun kafin a haifi Sanae kake tallafe da shi. Ya ce, "In bai karye bana ba zai karye baɗi. Wa zai ɗaure shi baɗi? Ya sauko, matarsa tana jiransa."

Na sake tambayarsa da yamma ko ya canza magana, ya yi kamar yana barci.

Saboda haka ka mayar da sandunan rumfa. Ka wanke tukunyar matar Kagaya ka kai mata da kanka, ko ba su ce ka shiga ba ka tsaya ka yi godiya. Ka tsiyaye ruwan famfo na gidajen biyu don kada ya daskare ya fasa bututu. Hoton Baba da na Inna ka naɗe su ka tafi da su Imabari, nan ɗakin Sanae ba wurin ajiye su. Ka rufe tagogin katako duka, na baya sai ka ɗaga shi kaɗan kafin ya shiga.

Ka kama hanya kafin a rufe ta.

Yayarka,
Fusano